Tururi Ba Ya Isa Tukunyar Ƙarshe

Tambaya: Ina gumin shinkafa a Kura. Na ƙara tukwane biyu, sai tururi ya daina isa ta ƙarshe. Boila ce ta gaza?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka zargi boila, duba bututun. A matsin bar 7, in tururi na gudun mita 25 a daƙiƙa, bututu mai inci 1 kusan kilo 200 yake ɗauka a awa, mai inci 2 kuwa kusan 800. Haɗa buƙatar tukwanenka duka, ka zaɓi wanda zai ɗauke ta. Kada ka wuce gona da iri, domin ƙaton bututu yana ɓarnar zafi, ruwa ya taru a ciki. Guji na roba, kuma injiniya ya duba kafin a yi walda.