Ciwon Sukari Na Masu Juna Biyu Da Lafiyar Jijiyoyin Jini

An shirya wannan bayani domin Hakimai da malamansu, musamman na Horo Birni da sauran garuruwan ƙasashen Shagari da Boɗinga, don su karanta wa dagatai da masu unguwa.

1. Akwai wani irin ciwon sukari wanda ba ya kama mace sai sa'ad da take da juna biyu. Dalilinsa shi ne, mabiyiya takan fitar da waɗansu sinadarai masu rage ƙarfin insulin, watau sinadarin da jiki ke yi don shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Sai sukari ya taru a cikin jini. Sau da yawa matar ba ta jin ciwon kome.

2. Kowace jijiyar jini tana da wata shimfiɗa siririya daga ciki, wadda ke sa ta saki ko ta tsuke gwargwadon bukata. Yawan sukari yakan ɓata wannan shimfiɗa, jijiya ta kasa saki, jini ya riƙa wucewa da ƙyar, kamar ruwa a kwatar da ta cushe. Saboda haka masu wannan ciwo sun fi sauran mata haɗarin hawan jini.

3. In awon jini ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20 na ciki, aka kuma ga alama a fitsari, to, ana tsoron jijjiga. Alamunta su ne kumburin fuska da hannuwa, da matsanancin ciwon kai, da gani dishi-dishi. Jijjiga ba aikin iskoki ba ce. Lalle a kai matar asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne. Masu tsanani akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

4. Jariri kuma yakan yi girma ƙwarai, har ya wuce kilo 4, naƙuda ta yi wuya.

5. Ba a gane ciwon sai da gwaji. Tsakanin mako 24 da 28 akan ɗebi jinin mace tun ba ta karya kumallo ba, a ba ta ruwa mai sukari giram 75 ta sha, sa'an nan a sake ɗiba bayan awa 1 da awa 2. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowace mai ciki ta je awo sau 8.

6. Wadda aka samu da shi ta bar zuba sukari a fura da koko, ta bar lemon kwalba, ta rage malmalar tuwo, ta ƙara wake da zogale da kifi, ta riƙa ɗan tattaki bayan cin abinci. In bai sauka ba likita zai ba da ƙwaya ko allura.

7. Bayan haihuwa sukari yakan sauka, amma haɗarin ciwon sukari na dindindin da ciwon zuciya yana nan. A sake gwaji bayan arba'in. A kuma rage kunun kanwa, domin gishirin cikinsa yana ƙara hawan jini.

Abin da ake nema ga Hakimai: su tara magidanta su jawo hankalinsu su bar matansu zuwa awo, kuma maigida ya ba da izini tun da wuri, don kada a tsaya jiransa ran da ba ya gari. Malaman Hakimai su rubuta sunayen masu mota a kowane ƙauye waɗanda za a iya tasa da dare. Rigakafi ya fi magani.