Kada alli ya bar hannunku

'Ya'yana, ku da kuka gama NCE ko digirin koyar da lissafi, ku matso kusa mu yi magana.

Na san halin da ake ciki. Wani ya yi shekara uku a kwalejin ilimi a Zariya ko Sa'adatu Rimi, yau yana ƙarƙashin lema da na'urar POS. Wata tana makarantar kuɗi, abin da ake ba ta bai kai naira dubu 70 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba. Yayyenku da suka shiga shirin N-Power a 2016 sun karɓi dubu 30 a wata, da wa'adi ya cika suka dawo gida. Ban ga laifin kowa ba, neman halal ba abin kunya ba ne.

Abin da nake jiye muku shi ne zaman jiran takardar ɗaukar aiki. Lissafi wuƙa ne, in an ajiye shi tsatsa yake yi. Na taɓa ganin yaron da ya fi kowa a ajinsu, bayan shekara huɗu bai taɓa alli ba, ya tsaya gaban allo yana zufa kan darasin 'yan ƙaramar sakandare. Sai da na kawar da kai don tausayi. Ku tuna Kaduna a 2017, da aka yi wa malaman firamare jarrabawa aka sallami sama da dubu 21. Ranar tantancewa, takardar shaida ba ta amsa tambaya.

Saboda haka ko sana'a kake yi, ɗana, tara yaran unguwa biyar masu shirin WAEC da NECO bayan la'asar. Iyaye suna neman mai fitar da 'ya'yansu daga tsoron lissafi, kuma labarin malamin kirki ba ya kwana. Yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN; jarrabawarta a kwamfuta ake yi, sai ka saba da ita tun yanzu. In an tura ka ƙauye, ka je.

Duk yaron da ya ce maka lissafi ba namu ba ne, ba shi labarin Malam Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rubuta littafi kan hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ke kuma 'yata, in aure ya zo, ki tafi da allonki. Tsakar gida ya isa aji, kuma akwai 'yan matan da sai a gabanki za su iya cewa ba su gane ba.