Darasin Lafiya: 'Yan Dakon da Ke Cikin Ƙodarmu

'Yan'uwa manoma, ga bazara ta kusa, lokacin sharar gona da zufa. Saboda haka darasinmu na wannan wata a kan ƙoda ne. A karanta shi a taron ƙungiya, a kuma bayyana wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Aikin ƙoda

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai wajen miliyan 1, kowace matata kuwa da siririn bututunta. A yini guda ƙodoji biyu suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, watau kusan cikin duro guda. Amma fitsarin da muke yi bai fi lita 1 da rabi ba. Ina sauran? Bututun nan ne suke mayar da shi cikin jini, tare da gishiri da sukari da jiki ke bukata.

'Yan dako

Bangon bututun an gina shi da ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Cikin kowace ƙwaya akwai zaruruwa a miƙe kamar hanyoyi, da waɗansu furotin masu tafiya a kansu ɗauke da kaya. Su ne muka kira 'yan dako. Iri uku ne: mayosin, da dainin, da kuma kainesin wanda aka gano a 1985.

Ga misalin aikinsu. Sa'ad da muka yi zufa, ƙwaƙwalwa takan aika da wani sinadari, basofiresin, zuwa ƙoda. Nan da nan 'yan dako su taimaka wajen kai ƙananan ƙofofin ruwa zuwa bangon bututu, ruwa ya bi ta nan ya koma jini. Shi ya sa fitsarin mai ƙishirwa yakan zama kaɗan, ya yi ja. Peter Agre na Amurka, wanda ya gano irin waɗannan ƙofofi, ya sami kyautar Nobel a 2003.

Ban da wannan, yawancin ƙwayoyin suna da gashi guda siriri da ke leƙawa cikin bututu. Kainesin ke hawa da kayan gininsa, dainin ke saukowa da su. A 2003 masana suka hana kainesin aiki a ƙodar ɓeraye, gashin bai fito ba, ƙodar kuwa ta cika da ƙulli-ƙulli masu ruwa. Mutane ma suna da irin wannan ciwo na gado, mai alaƙa da gashin nan. A irin da ya fi yawa, in uba ko uwa na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne ya gada.

Abin da ya shafe mu

'Yan dako ba sa tafiya sai da ƙarfin da ƙwaya ke samu daga jini. In ruwa ya ƙare ƙwarai a jiki, jinin da ke zuwa ƙoda yakan ragu, ƙarfi ya yanke, hanyoyin su wargaje. A Nikaragwa da El Salbado, matasa da yawa masu saran rake cikin rana sun kamu da ciwon ƙoda. Magidanci guda ya kwanta, gonarsa da bashin takinsa sun koma kan iyali da ƙungiya.

Abin da za mu yi

1. Mu je gona da ruwa isasshe, mu riƙa sha tun ƙishirwa ba ta tsananta ba.
2. Ranar gayya a sa mutum guda ya kula da tulu, a huta a inuwa da tsakar rana.
3. Kada mu yawaita ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, balle bayan zufa.
4. Wurin feshin paraquat a rufe jiki. Kada a zuba ruwan sha cikin galan ɗinsa.
5. Wanda ya ga kumburin ƙafa ko fuska, ko kumfa ko jini a fitsari, ya tafi asibiti. Masu hawan jini da ciwon sukari su riƙa zuwa awo.

Tambayoyi domin taro

Ina ruwan da ƙoda ta tace yake komawa? Wa zai ɗauki nauyin ruwan sha a gayyarmu ta gaba?