Darasi: Mafarin Ambaliya a Birnin Yamai

Ya ƴan'uwa, mu sani cewa ruwan daminarmu daga teku yake tasowa. Iska takan ɗauko danshi daga Tekun Atlantika, zafin ƙasarmu ya ɗaga shi sama, hadari ya haɗo daga gabas, ya sauke ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci. Ƙasar da aka sare itatuwanta ba ta shanye shi, sai ya bi rafuka kamar Sirba zuwa Kogin Isa. Ta haka kogin ya kai mita 7 a Yamai cikin Satumba 2020.

Mu mazauna Bobiel muna nesa da gaɓa, amma gini bisa hanyar ruwa da toshe magudanai da shara kan janyo mana rushewar gidaje. Wajibi ne mu yashe magudananmu tun kafin damina ta sauka. Allah ya kiyashe mu, amin.