Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ruwanmu da Falsafar Girkawan Dā?

Tambayarmu ta yau daga wani ɗalibi ce a Gummi ta Jihar Zamfara. Ya ce ya ji wasu jami'o'i kan kai ɗalibai ƙasar Girka a lokacin dogon hutu don nazarin adabi da falsafa. Me ake koya musu, kuma ilimin ya shafe mu?

To, malam, kwas ne na 'yan makonni, galibi a birnin Atina. Akan karanta waƙoƙin Homa da wasannin kwaikwayon Sofokilis, a bi tunanin Sukurat, wanda aka kashe a shekarar 399 kafin haihuwar Annabi Isa, da almajirinsa Aflatun, da Aristo, sannan a ziyarci kufan wuraren da suka koyar.

Ilimin ya shafe mu ƙwarai. A zamanin Halifa Ma'amun (813 zuwa 833), an fassara littattafan Girkawa da dama zuwa Larabci a Bagadaza. Daga nan ilimin manɗiƙi na Aristo ya shiga karatun malamanmu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare halascin manɗiƙi a muhawararsa da Imam Suyuɗi. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya yi rubutu a kan falsafa a garin Salame.

Idan tafiyar ta yi tsada, fara da littafin manɗiƙi, Sullamu na Ahdari, wajen malaman zaure. Jami'ar Ibadan kuma tana da sashen nazarin Girkanci da Latin. Allah ya ba da sa'a.