Yadda Karin Harshen Fulorans Ya Zama Daidaitaccen Italiyanci

1.0 Gabatarwa
Italiya ƙasa ce a kudancin Turai wadda ta kutsa cikin Bahar Rum. Tsaunukan Afenin sun ratsa ta tsakiyarta, kuma ta daɗe a rarrabe ƙarƙashin masarautu daban-daban. Wannan ya sa kowane yanki ya riƙe nasa karin harshen, alhali akasarinsu daga Latin suka tsiro.

2.0 Rawar Adabi
Dante (1265–1321) ya rubuta shahararriyar waƙarsa da karin birnin Fulorans maimakon Latin, marubuta suka bi sawunsa. A shekarar 1612 masanan birnin suka fitar da ƙamus bisa wannan kari.

3.0 Rawar Malamai
Ko da ƙasar ta haɗe a 1861, 'yan tsiraru ne ke magana da daidaitaccen harshen. Makarantu da rediyo da talbijin ne suka yaɗa shi. Tsakanin 1960 da 1968, malamin firamare Alberto Manzi ya koya wa manya karatu da rubutu ta talbijin.

4.0 Kammalawa
Adabi ne ya ɗaukaka karin, amma malamai ne suka kai shi bakin jama'a.

Auna Fahimta
Kwatanta matsayin karin Fulorans da na Kananci a Daidaitacciyar Hausa.