Amana, jarin ɗan kasuwa

Yara, ran kasuwa ku lura da abin da ake yi a rumfar mai hatsi. Wata mata ta auni tiya biyu ta gero, ta ce sai kasuwa mai zuwa za ta biya. Mai hatsi ya ce: «To, Allah ya kai mu.» Ba takarda, ba sa hannu. Can wani mutum ya zo da irin wannan roƙo, amma mai hatsi ya hana shi. Me ya sa? Domin ya san matar, ya san gidansu, kuma ba ta taɓa saɓa alkawari ba. Shi ko mutumin, akwai tsohon bashi a kansa. Abin da matar take da shi, wanda mutumin ya rasa, shi ake kira amana.

1. Fataken goro

Goro ba ya fita a ƙasarmu. A kurmi yake yi, inda ruwan sama yake da yawa. A ƙarni na 19, fatake suna tashi daga Kano da Katsina su tafi Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, su sayo goro a kasuwar Salaga. Suna kai kanwa da tufafi da fatu a kan jakuna. Tafiyar watanni ce, kuma akwai ƴan fashi a hanya. Don haka ba mai tafiya shi kaɗai. Sai su haɗu su yi ayari, su bi madugu. Madugu ya san hanya da rijiyoyi da sarakunan da za a biya wa kuɗin wucewa. Fatake suna danƙa masa ransu da dukiyarsu. Madugun da ya cuci ayari sau ɗaya ba ya ƙara samun mabiya.

2. Mai gida da baƙonsa

Idan falke ya isa garin da bai san kowa ba, sai ya sauka a zango, gidan wani Bahaushe da ake kira mai gida. Mai gida yana ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Dillali shi ne mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, a ba shi la'ada.

A birnin Ibadan na Nijeriya akwai unguwar Hausawa mai suna Sabo, wadda aka kafa a 1916. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a can, ya buga littafi a kanta a 1969. Ga abin da ya gani. Falke ya kawo shanu daga arewa. Mahautan garin Yarbawa ne, kuma yawancinsu ba su biya nan take: sai sun yanka sun sayar da nama. Falke bai san su ba. To, ƙaƙa zai ba su shanunsa bashi? Mai gida ne yake tsaya musu. Shi da dillalansa sun san kowane mahauci: wanda yake biya da wanda yake gudu. Idan mahauci ya ƙi biya, nauyin yana kan mai gida. Idan mai gida ya bar baƙonsa ya yi hasara, labari zai kai arewa, fatake su koma sauka gidan wani.

Me ya sa da wuya a ci amana a irin wannan unguwa? Domin mutanen kullum suna tare. Masallacinsu ɗaya, suna auren juna, suna haɗuwa wurin suna da biki da jana'iza. Wanda ya cuci wani da safe, da yamma kowa ya ji.

3. Arzikin mutane

A Maraɗi ma haka abin yake. Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986. Ya nuna yadda uban gida yake ba yaransa kaya su kai ƙauyuka da garuruwa su sayar, su dawo masa da kuɗi. Da fari kaya kaɗan yake ba yaro. In ya dawo da kuɗi cif, sai a ƙara masa. Bayan shekaru, uban gida yana iya yi masa aure, ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa ake cewa babban ɗan kasuwa yana da arziki biyu: arzikin kuɗi da arzikin mutane.

4. Adashe

Iyayenmu mata su ma suna da tasu hanya. Sukan haɗu su zuba kuɗi kowane mako wurin uwar adashe, mace guda ta kwashe. Mako mai zuwa wata ta kwashe, har a zagayo. Wadda ta kwasa da fari dole ta ci gaba da zubi har ƙarshe. In ta daina, ta ƙarshe ce za ta yi kuka. Don haka ba a shigar da mace adashe sai an san halinta.

5. Mu yi hattara

Sanayya tana taimako, amma tana iya ɓata ciniki. Kantin da dangi suke ɗibar kaya ba biya, ba ya daɗewa. Baƙon da ba shi da mai tsaya masa kuma yana shan wuya kafin a yarda da shi, ko da mai gaskiya ne. Ga shi mutum yana mantuwa. Shi ya sa yake da kyau a rubuta bashi, a sa shaidu. Yau ana ciniki ta waya, ana aika kuɗi daga Yamai zuwa Agadas cikin ɗan lokaci. Duk da haka, mai aika kuɗi kafin ya ga kaya sai ya yarda da wanda yake can.

Mu riƙe

Amana a hankali take taruwa, kamar ruwa a rijiya, amma rana ɗaya take zubewa. Alkawari kaya ne. Yaron da aka aika ya dawo da canji daidai ya riga ya fara tara jarinsa.

Kalmomi

amana : la confiance
bashi : la dette
jari : le capital
ayari : la caravane
dillali : l'intermédiaire
la'ada : la commission
adashe : la tontine

Tambayoyi

1. Me ya sa fataken goro suke tafiya cikin ayari?
2. Faɗi ayyuka uku da mai gida yake yi wa baƙonsa.
3. Mene ne arzikin mutane?
4. Me ya sa ya kamata a rubuta bashi?

Lissafi

Mata 10 suna adashe. Kowace tana zuba dala 100 (500 F) a mako. Jika nawa mai kwasa take samu? Mako nawa za a yi kafin kowa ta kwasa?

Aikin gida

Ku tambayi wani mai kanti a unguwarku yadda yake gane wanda zai ba bashi. Ku rubuta amsarsa cikin layi biyar, ba tare da ambaton sunan kowa ba.